Wa ya huda duwatsun bakin Bahar Maliya?

Baban Safwan, Jidda: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ga hoto nan na ɗora, a raba mu gardama da surukina. Dutse ne a bakin ruwa wajen Shu'aiba, kudu da Jidda, inda ruwa bai kai gwiwa ba. Duk jikinsa ramuka ne a jere kamar gidan dara, kuma kusan kowane rami da wata aba mai ƙaya a ciki, wata ja-ja, wata kore-kore, wata ta yi duhu. Shi ya ce ita ta haƙa ramin da kanta. Ni na ce ruwa ne ya ci dutsen, ita kuma ta tarar da ɗaki a buɗe ta shige. Masu ruwa, ina kuke?

Kawu Mai Huri, Bortsudan: Wa alaikumus salam. Bushiyar teku ce, ɗana, mai gajeren ƙaya. Surukinka ya fi ka gaskiya, ka je ka ba shi haƙuri tun bai karɓe 'yarsa ba.

Injiniya na Shara Mansur, Makka: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ni ina bayan Baban Safwan. Aikina ke nan huda dutse da kankare. Bakin injin huda na ƙarfe ne, da ƙarfe mafi tauri a kansa, duk da haka yana dakushewa mu jefar mu sayi wani. Sai a ce mini wata 'yar aba da ba ta cika tafin hannu ba, ba ƙashi ba ƙarfe, ita ke fafe dutse? Da me?

Kawu Mai Huri, Bortsudan: Da baki. Ka taɓa kifar da ita ka duba ƙarƙashinta?

Injiniya na Shara Mansur, Makka: Ni da teku sai daga saman Kornish, titin bakin ruwa, Kawu.

Ɗiyar Mai Wurno, Bortsudan: Sannunku iyayena da yayyena. Kimiyyar teku na karanta a Jami'ar Bahar Maliya a nan Bortsudan, kuma wannan halittar tana cikin waɗanda muka fara feɗewa a ɗakin gwaji. Yaya Baban Safwan, ka ƙara girman hoton ka dubi gindin kowace ƙaya, za ka ga farin zobe ya zagaye ta. Da wannan zoben, da jikin da bai yi da'ira sosai ba, ya ɗan miƙe ta gefe guda, ake gane ta. A littattafan ilimi sunanta Echinometra mathaei, wani Bafaranshe mai suna Blainville ya bayyana ta a 1825. Ƙoƙon jikinta, in an cire ƙayoyi, yakan kai wajen santimita 5.

Bakinta a ƙasa yake, yana manne da dutsen, mafitar kashinta kuma a sama. A cikin bakin akwai haƙora 5 da suka haɗu a tsakiya, da tsokoki masu buɗe su da rufe su. Abincinta gansakukar da ke fitowa a kan dutse, har da wadda ke tsirowa a cikin ƙananan kafofin dutsen. In ta kankare gansakuka sai ta haɗa da ɓarɓashin dutse ta haɗiye. Ƙayoyin kuma suna gogar bangon ramin duk lokacin da igiyar ruwa ta buge ta ta ƙanƙame. Yau kaɗan gobe kaɗan, rami ya samu.

Injiniya na Shara Mansur, Makka: Ƙanwata, ban raina karatunki ba. Amma haƙorin da me aka yi shi? In bai fi dutsen tauri ba, shi zai cinye, ba dutsen ba. Wannan doka ce a wurinmu.

Ɗiyar Mai Wurno, Bortsudan: Tambayarka a kan hanya take, Yaya Injiniya, don asalin haƙorin da dutsen murjani, wato dutsen da ƙananan halittun teku ke ginawa, sinadari guda ne, wanda ke cikin alli da ɓawon ƙwai. Bambancin a wajen gini yake. Tsinin haƙorin yana da maganiziyom mai yawa a cikinsa, wanda ke ƙara masa tauri, kuma an jera shi falle-falle ta yadda in baki ya dakushe sai fallen waje ya ɓalle, sabon kaifi ya fito. Sannan haƙorin ba ya daina tsiro daga gindi har ta mutu. Kai in naka ya cinye sai ka tafi kanti. Ita nata yana tahowa daga ciki. Haƙorin yana cinyewa, dutsen ma yana cinyewa, amma ɗaya ne kawai ake mayarwa.

Baban Safwan, Jidda: To wa ya tsaya ya gani da idonsa? Ba mamaki ruwa ya fara, ita ta ƙarasa.

Ɗiyar Mai Wurno, Bortsudan: An gwada. Wani mai bincike a Amurka, Michael Russell, ya ɗauki wata 'yar'uwarta mai ruwan shunayya ta gaɓar Kalifoniya, ya ɗora su a kan shafaffun duwatsu a cikin tankin ruwa har shekara guda, aka buga sakamakon a 2018. Ba igiyar ruwa, ba yashi mai gogewa, amma sun fafe dutsen. A dutsen yashi mai laushi lissafinsu ya nuna rami zai kammala cikin ƙasa da shekara 5, a ƙanƙararren dutse kuwa sai an haura shekara 100. Irin tamu ta nan, can a Hawai har baƙin dutsen aman wuta take shiga. In aka feɗe cikinta kuma, mafi yawan abin da ake tararwa garin dutse ne. Gaskiya ne ƙaramarta takan fara da tsaga ko ɗan lotsawa da ta samu, wannan kam ka ci rabin maki.

Baban Safwan, Jidda: Rabin ma ya ishe ni shiga gidan suruki da kai a sama.

Kawu Mai Huri, Bortsudan: Ni ban je Amurka ba, amma ga abin da hannuna ya taɓa. Wani ramin bakinsa ya fi cikinsa ƙanƙanta. Ka zura waya ka yi ta fama, ba ta fitowa sai ka fasa dutsen ko ka fasa ta. Tana ƙarama ta shiga, ta girma a ciki, ta faɗaɗa ɗakin ta bar ƙofar. Wannan ba ta fita kiwo, abin da ruwa ya kawo mata na ganyen teku shi take cafkewa da ƙayoyinta da waɗansu siraran ƙafafu masu manne abu, ta tura ƙasa zuwa baki. Waɗanda ƙofarsu ke da faɗi kuwa, ka zo da tocila bayan isha'i ka gan su sun ɗan fito suna kiwo a bakin rami, kafin gari ya waye kowa ta koma nata. Kuma ba ta son baƙo. In ka ɗauko wata ka jefa mata, sai su yi ta turereniya har ɗaya ta fice. Abin da take bari ya zauna da ita sai wani ɗan mitsitsin jatan lande da ke ɓuya tsakanin ƙayoyinta.

Hajiya Maman Hanan, Bortsudan: Ku kuna ta yabonta, ni kuwa da za a ba ni iko da an kwashe su kaf an zubar. Mu da yaƙi ya koro daga Umdurman a 2023, yaranmu Nilu suka sani, inda za ka taka laka ba abin da zai same ka. Nan yaro ya ga ruwa garai-garai ya ruga da gudu ba takalmi. Autana haka ya dawo da tafin ƙafa cike da baƙaƙen ɗigo, kwana muka yi ba barci. Wata maƙwabciya ta ce a daka wurin da dutse ƙayoyin su narke, wata ta ce fitsari.

Sista Ummu Fahad, Yanbu: Hajiya, don Allah kada a daka, kada a yi fitsari. Mu nan muna ganin irinsu, musamman lokacin hutu. A tsoma ƙafar a ruwan ɗumi mai zafi daidai yadda fata za ta jure, rabin awa ko fiye, yana rage zugi. Wadda kanta ya fito a cire da matsefata a hankali, a miƙe, don tana karyewa. A wanke da sabulu. Ana jiƙa tsumma da khal, wato binega, a ɗora don guntayen da ke kusa da fata. Amma in ta shiga kusa da gaɓa, ko wurin ya kumbura ya yi ja yana ruwa, ko mutum yana da ciwon suga, asibiti kai tsaye, a duba har da allurar titanos. Baƙin ɗigon wani lokaci launi ne kawai ya rage a fata, ba ƙaya ba, kada a yi ta tonon ƙafar yaro da allura.

Kawu Mai Huri, Bortsudan: Hajiya, ƙayoyin da kika gani sirara ne dogaye, baƙaƙe wuluk?

Hajiya Maman Hanan, Bortsudan: Sirara ƙwarai, Kawu, suna ta karyewa.

Kawu Mai Huri, Bortsudan: To ba wannan ba ce. Waccan mai dogon ƙaya ce, ita ce muguwar, ƙayarta tana da ɗan dafi. Ta cikin hoton ƙayarta gajere ce mai kauri, tana huda ƙafa in ka taka da ƙarfi, amma tana cikin raminta. Laifin wani kike ɗora wa wani.

Hajiya Maman Hanan, Bortsudan: Duk kanwar ja ce. A haɗa su a kwashe.

Ɗiyar Mai Wurno, Bortsudan: Hajiya, ai an taɓa kwashe su, ba da hannun mutum ba, kuma ba a ji daɗi ba. A 1983 zuwa 1984 wata annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na masu dogon ƙaya a tekun Karibiyan. Da masu kiwon suka tafi, gansakuka ta rufe dutse, 'ya'yan murjani suka rasa tsaftataccen wurin da za su kama, wurare irin su Jamaika har yau ba su koma yadda suke ba. Irin wannan mutuwar ta ɓullo a namu tekun daga ƙarshen 2022, ta fara bayyana a mashigin Akaba ta gangaro kudu. Wata 'yar mitsitsiyar halitta mai ƙwayar rai guda ce ke kama su, cikin 'yan kwanaki ƙayoyi su zube, a bar farin ƙoƙo. Dangin masu dogon ƙaya take yi wa ɓarna. Inda suka ƙare, ragowar masu share gansakuka su ne mai gajeren ƙayan nan da kifaye irin su harid da sijan.

Hajiya Maman Hanan, Bortsudan: Ni dai ƙafar ɗana na sani. Amma na saya musu takalman roba.

Ɗan Dammam: Jama'a har nan gabas akwai ta fa. Abokan aikina masu nutso suna cewa a tsibiran da ke gaban Jubail ba ka sa hannu a dutse ba ka lura ba. Abin da ke ba ni mamaki, ruwanmu na nan da bazara yana kai digiri 35, da sanyi kuma ya yi sanyin da ba ka iya shiga. Yaya aka yi abin da ba ya barin raminsa ya zo nan daga can?

Ɗiyar Mai Wurno, Bortsudan: Uwar ce ba ta tafiya, 'ya'yan matafiya ne. Mace da namiji kowa yana sakin nasa a cikin ruwa, a can suke haɗuwa. Abin da ke fitowa ƙanƙane ne, ido da ƙyar yake ganinsa, ba ya kama da uwar ko kaɗan, yana yawo a saman ruwa makonni, igiya tana kai shi inda ta ga dama, sannan ya sauka a dutse ya rikiɗe. Da haka ta bazu daga Bahar Maliya da gaɓar Kenya da Tanzaniya da Madagaska, zuwa Indiya, kudancin Japan, Ostareliya, har Hawai. Sai dai masana sun daɗe suna zargin cewa suna guda aka laƙaba wa 'yan gida da yawa. A Okinawa tun shekarun 1980 aka rarrabe iri 4 da a da ake ɗauka ɗaya ce, kuma ta wajenku a Dammam binciken ƙwayoyin gado ya nuna ita ma daban take da ta Hawai, ko da yake a ido kusan ɗaya suke.

Baban Safwan, Jidda: Ni da na yi zama a Legas ban taɓa ganinta a bakin ruwa ba.

Ɗiyar Mai Wurno, Bortsudan: Gaɓar Najeriya galibi yashi ne da laka, ga Kwara tana zubo ruwan daɗi mai ɗauke da ƙasa. Ita kuwa dutse take so da ruwan gishiri tsantsa. A Tekun Atlantika akwai 'yar'uwarta, Echinometra lucunter, ana samunta a duwatsun gaɓar Gana da Barazil da Karibiyan. Bahar Maliya kuwa babu kogi ko ɗaya mai gudu shekara duka da ke zuba a cikinsa, sai khor, wato kwari mai gudu in an yi ruwa, irin su Arba'at da Baraka. Shi ya sa gishirinsa ya kai wajen giram 40 a lita, alhali sauran tekuna wajen 35, shi ya sa kuma yake garau har murjani ya yi katanga a gaɓar nan da ta can.

Alhaji Baba na Jarwal, Makka: Ina ta karatu ina jinku. Iyayenmu da suka taho a ƙasa ta Sawakin suka tsallako, suna ba mu labarin benaye farare na dutsen teku. Da na je da kaina sai tsibin duwatsu na tarar. Mutanen wurin suna cewa garin aljanu ne tun zamanin Annabi Sulaiman. Yanzu da na ji wannan, ko ita ce ta cinye gindin garin?

Injiniya na Shara Mansur, Makka: A'a Baba, wannan kam fagena ne. Dutsen murjani yana shan ruwa yana shan gishiri, in ba a sabunta masa shafen farar ƙasa ba sai ya ruɓe, katakon da aka jera tsakanin layukan gini ya ci, bango ya buɗe. Turawa sun gina Bortsudan tsakanin 1905 da 1909 suka mayar da tashar jiragen ruwa can, attajirai suka bi, gidaje suka rasa mai kula. Balad, tsohuwar unguwar Jidda, da irin dutsen aka gina ta, wanda ake kira hajar mangabi, ga Baitu Nasif nan tsaye tun ƙarni na 19 don an riƙe shi, har UNESCO ta sa unguwar a jerinta na wuraren gado na duniya a 2014. Bushiya ba ta hawa tudu.

Alhaji Baba na Jarwal, Makka: To madalla. Aljanun dai ba ka musa ba.

Abu Yasir, Madina: Tambaya ga Malam: ana cin ta? Na ga wani Bamisire yana cewa a Iskandariya suna fasa ta su matsa lemun tsami su sha ɗanya.

Malam na Misfala, Makka: A mazhabarmu ta Malikiyya dabbar teku halal ce gaba ɗayanta, saboda aya ta 96 a Suratul Ma'ida da hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Hanafawa su kifi kaɗai suka halatta. Sharaɗin da ya rage shi ne kada ta cutar. Halal daban, daɗi daban, wannan sai a tambayi Kawu.

Kawu Mai Huri, Bortsudan: Allah ya gafarta Malam, ba abin kirki a cikinta. 'Yan layuka 5 ne masu ruwan ɗorawa a manne da ƙoƙon, sauran duk yashi. Ta Iskandariya wata iri ce ta tekun can. Mu nan sai dai mu fasa ta a ruwa kifi ya taru.

Ɗiyar Mai Wurno, Bortsudan: Kawu, tunda ka kawo maganar kifi, bari in faɗi abin da na san ba zai yi maka daɗi ba. Na kare ta a gaban Hajiya, amma ita ma in ta yi yawa bala'i ce. Murjani yana gini a hankali, ita tana rushewa a hankali. In sun yi daidai, sha'ab, wato katangar murjani, yana tsaye, garin dutsen da take kasayarwa ya zama farin yashi, tsofaffin ramukanta su zama gidan ƙananan kifi da ƙaguwa. In ta rinjaya sai ta fafe ƙarƙashin murjanin, igiya ta zo ta karya. An ga haka a Kenya. Wani mai bincike, Tim McClanahan, ya kwatanta wuraren da aka hana kamun kifi, Malindi da Watamu, da wuraren da ake kamu ba ƙaidi irin su Diani, tun ƙarshen shekarun 1980. Inda ake kamu bushiyar ta ninka ninkin ba ninki, dutsen ya zama rami a kan rami. Dalili kuwa an kwashe masu cin ta, babbansu wani kifi mai taurin fata da ratsin ruwan lemo, mai ƙaya a gadon baya da yake kullewa in ya shiga rami. Kifin sha'ur ma wasunsu suna cin ƙananan.

Kawu Mai Huri, Bortsudan: Na san za a zo nan. Duk maganar da aka fara da teku sai ta ƙare a wuyan mai huri, mai ɗan kwalekwalen kamun kifi. Ɗiyata, ni da ƙugiya da zare nake kamu, abin da zan kama a yini bai cika buhu ba. Wa ya cike bakin teku da ƙasa ya yi gini? Wa ke zubo ruwan masana'anta? Zafin da ya farar da murjani a kudancin tekun nan a 2015, ni na hura shi? Kenya daban, nan daban. Ki je Sanganeb ki ga kifi har ya gundure ki.

Ɗiyar Mai Wurno, Bortsudan: Ai ka kawo mini hujjata da kanka, Kawu. Sanganeb wuri ne da aka killace, yana da nisa da gaɓa, shi da Dungunab suna jerin UNESCO tun 2016. Ban ce kai kaɗai ba ne, kuma ban ce mun kai Kenya ba. Cike gaɓa da zafin ruwa suna kashe murjani, mataccen murjani kuma shi ne gonarta, don a kansa gansakuka ke fitowa. In aka haɗa da rashin mai cin ta, an gama mata komai. Kai da kanka ka fi ni sanin inda ta fi yawa, kusa da gari ko can nesa?

Kawu Mai Huri, Bortsudan: Kusa da gari. Amma kusa da gari ne ruwa ba zurfi, babban kifi ba ya hawa can ko ba ni. Da bazara ruwan tekun nan yana sauka, saman sha'ab ya kusa bushewa, wa zai bi ta can ya ci? Wannan ma ki sa a lissafinki.

Ɗiyar Mai Wurno, Bortsudan: Na sa. Shi ya sa ba a ƙirga na saman tudu kaɗai, sai an leƙa gangaren da kifi ke iya zuwa.

Baban Safwan, Jidda: A Bangala ta Jidda ni najil da hamur da harid nake gani ana rububi. Mai ratsin nan ko na gan shi ban san shi ba. Ana ma sayensa?

Kawu Mai Huri, Bortsudan: Wa zai saya? Fatarsa sai ka sa wuƙa ka feɗe. Shi ke cinye mana abincin ƙugiya, wani lokaci ya datse zaren ya tafi da ita. In ya hau, yara ne ke gasawa a bakin ruwa, ko a jefa wa kyanwa.

Ɗiyar Mai Wurno, Bortsudan: To Kawu, tunda ba kuɗi a kansa, mayar da shi ruwa da ransa ba zai rage maka komai ba.

Kawu Mai Huri, Bortsudan: Kifin da ke tauna bushiya da ƙayarta, ki ce in zura yatsa a bakinsa in ciro ƙugiya a hankali don kada ya ji ciwo? Ki zo ki dubi babban yatsana na hagu tukuna. In kin sayo mini filaya mai dogon baki, sai mu yi magana.